Ƙarar da na yi wata biyar ina rufewa da rediyo: yadda muka canza duram da hob na bayan tsohuwar Sienna

Idan kana da tsohuwar mota irin ta ɗaukar iyali, ka ɗan ba ni minti goma. Zan ba ka labarin wani sakaci da na yi da kuma yadda aka gyara shi, domin ko ba za ka taɓa riƙe sifana da hannunka ba, ka san abin da ya kamata idonka ya gani ranar da bakanike ya buɗe tayar bayan motarka.

Motata Toyota Sienna ce ƙirar 2002, cikin rukunin farko na shekarun 1998 zuwa 2003 da aka haɗa a jihar Kentaki ta Amurka. Injinta V6 ne mai lita 3, kuma tayoyin gaba ne ke jan ta. Birkinta na gaba faifai ne, kana leƙawa ta ramukan wili za ka hango shi. Na baya kuwa duram ne, wato wani kwanon ƙarfe mai nauyi da aka kifa a kan kayan birkin. A cikinsa akwai shu guda biyu masu siffar jinjirin wata. Idan ka taka birki, man birki yana tura su waje su goga cikin kwanon, taya ta rage gudu. Shi kuma kwanon yana zaune ne a kan hob, ƙarfen nan mai kusoshi biyar da ake ɗaura taya a jikinsa, kuma a cikin hob ɗin boris yake. Duk wannan a rufe yake. Ba ka ganin komai sai ka buɗe, shi ya sa mu masu tsofaffin motoci muke canza birkin gaba sau uku sau huɗu, na baya ko tunawa da shi ba ma yi.

Ƙarar ta fara ne a hankali, wani gurnani daga baya ta hannun dama, kamar jirgin sama na wucewa daga nesa. A cikin gari ba a jin ta sosai. Da na hau babban titi na wuce gudun kilomita 60 sai ta taso, ina ƙara gudu tana ƙaruwa. Na ce taya ce. Na canza tayar, ƙara tana nan. Na kai wa wani bakanike, ya ɗan zagaya da motar, ya ce "Oga ba komai, tsufa ne, duk haka suke yi." Gaskiya ban yarda da shi ba, amma maganar ta yi mini daɗi saboda ba ta taɓa aljihuna ba. Daga nan duk sanda ƙarar ta dame ni sai in ƙara sautin rediyo. Haka na yi wata biyar.

Ranar da asirina ya tonu, ranar kai ƙanwata ɗakin mijinta ce a Zariya. Mota cike: Hajiyarmu a gaba, gwaggonnina biyu da matata a tsakiya, yara uku a can baya, but kuma cike da kayan gara. Mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan sai ga shanu sun hau titi. Na taka birki, feda ta nutse ƙasa fiye da yadda na saba, bayan motar ya ɗan karkace, muka tsaya tsakaninmu da saniyar ƙarshe bai fi taku uku ba. Na gangara gefe na fito, ƙafafuna na rawa. Ƙauri ke tashi daga tayar baya ta dama. Na kai hannu kusa da wilin, zafi ya kore ni tun ban taɓa ba.

Hajiya ta leƙo ta taga ta ce, "Tun daga Kura nake jin kukan nan. Na ɗauka ba ka ji ba ne."

Na ce, "Na ji, Hajiya."

"Tun yaushe?"

Ban iya ba ta amsa ba. Ba ta ƙara cewa komai ba, ta buɗe ƙofa ta koma motar yayana, sauran ma aka rarraba su a motocin 'yan rakiya. Washegari aka ɗauko tawa a kan motar ɗaukar motoci zuwa Kano.

A unguwarmu akwai wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, wanda ya yi shekaru yana aikin mota kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Na je na faɗa masa komai, har da maganar rediyon. Ya ce, "To ai kai za ka gyara ta. Ni zan zauna a benci in riƙa faɗa, kai kana yi." Na ce, "Baba, ni ko taya da ƙyar nake canzawa." Ya ce, "Wanda ya iya ɗaukar mahaifiyarsa a kan mataccen boris ai ba ya rasa ƙarfin hali."

Ga yadda aikin ya gudana.

Kafin mu sayi komai sai da muka tabbatar da cutar. Muka ɗaga bayan motar, Baba ya ce in juya tayar dama da hannu. Tana juyawa tana wani ƙurrr kamar an zuba yashi a ciki. Ya ce in kama saman tayar da ƙasanta in girgiza. Ta yi ƙwas-ƙwas, tana motsi. Lafiyayyen boris ba ya ba da wannan motsin ko kaɗan. Ta hagu ba ta motsi, amma da na ɗora hannu a kan sifirin ɗin bayan yana juya tayar, na ji ɗan kakkarwa yana zuwa tafin hannuna. Ya ce ita ma ta kama hanya. Idan kana tuƙi ma akwai alama: ƙarar boris tana bin gudun mota, ba ruwanta da gudun inji, kuma takan canza murya idan ka karkata sitiyari hagu ko dama, saboda nauyin mota yana komawa gefe guda.

Sannan maganar tsaro, kuma don Allah kar ka tsallake wannan. Ka ajiye mota a wuri mai daidai, mai tauri. Ka sa giya a P, ka tokare tayoyin gaba da katako gaba da baya. Ka sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a barin mota a kansa a yi aiki. Ka sa ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ka kuma tura tayar da ka cire ƙarƙashinta don ko ta kwana. Kar ka yi amfani da bulo, yana fashewa ne lokaci guda ba tare da gargaɗi ba. Sai ka saki birkin ajiye mota, wanda a wannan Sienna da ƙafar hagu ake taka shi. Idan ba ka sake shi ba, shu na riƙe da duram, ko kwana za ka yi kana duka ba zai fito ba.

Namu ko da muka saki bai fito ba. Dalili biyu ne. Na farko tsatsa. Yawancin motocin nan sun yi rayuwarsu ta farko a wuraren da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe, sai duram ya manne da hob kamar an yi musu walda. Na biyu, shekaru na gugar shu sun ci cikin duram sun bar wani tudu a bakinsa, shu ya maƙale a bayan tudun. Na ɗauko guduma zan fara dukan gefen, Baba ya daka mini tsawa. Ya nuna mini wasu ƙananan ramuka biyu masu zare a fuskar duram ɗin. Bol mai kaurin milimita 8 ake ɗaurawa a cikinsu, kana juya wannan kaɗan kana juya wancan kaɗan, su tokari hob su turo duram waje. Da ya fara fitowa ya cije, sai muka tsaya. Idan ka ci gaba da ƙarfi a nan, za ka fizgo shu ka lanƙwasa ƙusoshin da ke riƙe da su. A bayan farantin ƙarfen da kayan birkin ke zaune a kai akwai wata 'yar roba da ta toshe rami. Muka cire ta, na zura sukundireba ƙarama na ture ɗan harshen da ke tsare ajasta, na zura ta biyu na juya ajastan, wani ɗan ƙarfe ne mai haƙora kamar tauraro, har shu suka ja baya. Duram ya zame ya fito.

Abin da na gani a ciki ya sa na zauna a ƙasa. Shu ɗaya ya cinye har ƙarfe ya fara leƙowa, alhali ƙa'ida idan abin gugar ya kai kaurin milimita 1 an gama da shi. Ɗayan ya jiƙe baƙi ƙirin da mai. Baba ya ce in ɗaga robar bakin wil silinda, ɗan bututun da ke sama wanda ke tura shu. Ina ɗagawa man birki ya ɗigo. Ajasta ya ƙame da tsatsa, ya daɗe da daina aiki. Cikin duram ya yi layi-layi, wani wurin ya yi shuɗi saboda zafi. Baba ya jera mini yadda abin ya faru: boris ya mutu, hob ya fara lilo, duram yana gugar shu ko ban taka birki ba, zafi ya taru, robar silinda da ma ta tsufa ta saki, mai ya jiƙa shu. Birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayar da mota, shi ya sa ina ni kaɗai a cikin gari ban lura ba. Amma da ka cika mota da mutane da kaya, nauyi ya koma baya, ranar ce ake neman birkin baya, ranar ce kuma nawa ya ce ba ya nan.

Abu uku kafin ka taɓa komai a ciki. Ɗaya, ka ɗauki hoto da wayarka ta kowane ɓangare, saboda sifirin-sifirin ɗin nan suna da yawa kuma kowanne da raminsa. Biyu, ka gama gefe ɗaya kafin ka wargaza ɗayan, ya zama kana da abin dubawa. Uku, kar kowa ya taka birki alhali duram na waje, fistin ɗin silinda zai yi tsalle ya fito mai ya zube. Ƙurar da ke ciki kuma kar ka hura ta da baki ko da injin iska. Wasu kayan birki, musamman tsofaffi da na araha, suna ɗauke da asbesto mai lalata huhu. Ka sa takunkumi, ka wanke da feshin wanke birki na gwangwani, ka tari dattin a roba. Na san an saba wankewa da fetur ko kananzir, amma suna lalata roba kuma kananzir yana barin maiƙo.

Na tambayi Baba ko za a kai duram ɗin wurin masu injin sassaƙar ƙarfe a goge cikinsa a mayar. Ya juya kwanon ya nuna mini wani rubutu a jikinsa, MAX DIA da lamba a gabansa. Wannan shi ne iyakar faɗin da cikin duram zai kai a ci gaba da amfani da shi. Ana aunawa, idan ya wuce, ko kuma gogewar za ta sa ya wuce, to ya zama na 'yan gwangwan. Duram da ya yi siriri yana saurin ɗaukar zafi, yana buɗewa, feda ta riƙa nutsewa, wani lokaci ma ya tsage. Namu na dama ya wuce iyaka, na hagu yana bakinta. Muka yanke shawarar canza duka biyun. Duram da shu ana canza su ne hagu da dama tare, in ba haka ba gefe ɗaya zai fi kamawa mota ta riƙa ja gefe. Hob ba dole ba ne a canza biyu idan ɗayan lafiyarsa ƙalau, amma tunda na hagun ma ya fara magana, na haɗa.

Na tafi Kofar Ruwa da tsofaffin kayan a buhu, kuma ina ba ka shawara kai ma ka yi haka. Ka ɗora sabo a kan tsoho ka gwada: faɗi, zurfi, ramukan bol, tazarar kusoshi biyar ɗin. Motar tana da ABS, don haka hob ɗin dole ya zama na mai ABS, in ba haka ba fitilar za ta kama a dashbod kuma tsarin ya daina aiki. An yi mini tayin hob na Beljiyam a rabin kuɗi. Wasu kayan na hannu ba laifi, amma boris a rufe yake, ba ka san tafiyar da ya yi ba, kana iya sayen irin wanda ka cire. Na sayi sabo. Na haɗa da shu, wil silinda biyu, saitin sifirin, da man birki DOT 3, wanda shi ne aka rubuta a murfin tankin man.

Cire hob ya fi sauƙi a baki. Irin na wannan mota dunƙule yake, boris ɗin a rufe a ciki, ba a buɗe shi a sa giris, ba a ɗaure shi a rage motsi. Idan ya mutu, duka ake canzawa. Bol huɗu ne ke riƙe da shi. Mun fesa musu man sassauta tsatsa tun dare. Kafin ka kwance, ka cire na'urar ABS da wayarta a hankali ka kau da ita gefe. Ka kuma lura, bol ɗin nan su ne ke riƙe da farantin birkin, shi kuma fayif ɗin man birki a jikinsa yake. Idan ka bar farantin ya rataya, fayif zai lanƙwashe ko ya tsage, don haka ka ɗaure shi da waya a jikin mota. Bol sun fita, hob ya ƙi motsi. Sai da na yi kusan awa ɗaya ina fesa mai, ina bugun gefensa da guduma ta nan ta can, kafin ya saki. Da na juya shi a hannuna, ji na yi kamar ana niƙa tsakuwa.

Wurin da sabon zai zauna, Baba ya sa na goge shi da burushin ƙarfe har ya yi haske. Na gaji na ce ai ya isa. Ya ce ɓarɓashin tsatsa ɗaya ya isa ya sa hob ya zauna a karkace, duram ya riƙa lilo, in dawo ina cewa an sayar mini da jabu. Muka sa sabon, na fara ɗaura bol huɗun da hannu don kar zare ya hau karkace, sannan na ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, da sifana mai awo da muka aro, daidai adadin da littafin gyaran motar ya faɗa. Ba a ɗaure irin wannan wuri da "har sai ya yi ƙara".

Daga nan muka canza wil silinda, muka wanke ajasta muka shafa masa giris ɗan kaɗan a zarensa, da kuma wuraren da gefen shu ke zamewa a kan faranti. Kaɗan fa, kar ya taɓa fuskar shu. Na jera sabbin shu da sifirin ina duba hoton wayata. Duk da haka sai da na sa sifirin ɗaya a juye, na je na leƙa ɗaya gefen na gane. Sabon duram yana zuwa da wani mai a jikinsa na hana tsatsa, ka wanke shi tas da feshin nan kafin ka sa. Sai ka juya ajasta har duram ya shiga yana ɗan shafar shu, kana juya shi da hannu kana jin shii-shii kaɗan amma ba ya cijewa. Idan ya yi sako-sako feda za ta nutse, idan ya matse zai yi zafi.

Tunda mun buɗe hanyar mai, dole a fitar da iska. Aikin mutum biyu ne. Ɗana babba ya zauna a kujerar direba yana taka feda sau uku ya riƙe, ni ina buɗe ɗan noti na bayan silinda, mai da kumfa su fito ta siririn tiyo zuwa cikin kwalba, in rufe, sannan ya saki. Muka fara da tayar baya ta dama. Haka muka yi ta yi har mai ya riƙa fitowa ba kumfa, muna ƙara mai a tanki don kar ya ƙare ya sake jan iska. Sai na taka birkin ajiye mota na saki sau da yawa don komai ya zauna. Muka mayar da taya, muka sauke mota, na ɗaure notoci biyar ɗin a tsallake, ɗaya ka tsallake ɗaya, a kan awo 103 na Nm.

Kafin ka motsa motar, ka taka birki sau da yawa har feda ta yi tauri. Idan tana nutsewa a hankali ƙarƙashin ƙafarka, kar ka fita, akwai iska ko yoyo. Muka fita layin da ba mutane, na kai gudun kilomita 50 na rage a hankali, kamar sau goma, ina ba da tazara don ya huce, domin sabon shu ya saba da sabon duram. Muka tsaya na kai hannu kusa da wilin baya biyun: ɗumi kaɗan, kuma daidai da juna. Idan ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, wannan gefen ya matse. Bayan na yi tafiyar kamar kilomita 80 na sake bin notocin taya, na kuma leƙa ƙasa ko akwai ɗigon mai.

Aikin ya ci mana Asabar ɗaya da rabin Lahadi, da fatar yatsuna biyu. Ba ina ce maka lallai ka yi da kanka ba. Birki ne, idan ba ka da kayan aiki ko wanda ya sani a kusa da kai, ka kai wa gwani. Amma ka tsaya a wurin. Ka ce a buɗe duram biyun a gabanka. Ka ga kaurin shu da idonka, ka ce a ɗaga robar silinda, ka nemi a nuna maka lambar da ke jikin duram a kuma auna, ka girgiza tayar da hannunka. Wanda ya ce maka "tsufa ne" bai cire taya ba, bai duba komai ba.

Sati biyu bayan nan aka tashi zuwa ganin ɗakin amarya. Na je ɗaukar Hajiya, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon motar. Na ce, "An gyara, Hajiya. Ni da Baba muka yi." Ta shiga ta zauna, ta miƙa hannu ta kashe rediyon da kanta. Haka muka je Zariya muka dawo a kashe.

Idan kana jin wata ƙara a bayan motarka, gobe da safe ka ɗaga ta ka juya tayar. Minti goma ne. Allah Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, amin.